Rigar Da Ba A Ɗaga Hannu A Cikinta

Masu bin labarin nan tun farko ku gyara zama, waɗanda suka shigo yau kuma ga wuri. A taƙaice, ni tela ce, jikar tela, shekarata ashirin da bakwai, kuma an sa ranar aurena da wani mutumin kirki da duk gidanmu ke kira Injiniya. Na ce mutumin kirki, kuma ba gatse na yi ba. Ba ya ɗaga murya, ba ya saɓa alƙawari, a durƙushe yake gaida Ummana. In kuna jiran in ce ya zage ni ko na kama shi da wata, ku leƙa wani shafin, nan babu. Ba na ƙinsa, ban kuma ce ina kasa cin abinci saboda shi ba. Abin da ya shiga tsakaninmu riga ce.

Amma sai na fara gaya muku wace ce Kakata, in ba haka ba za ku ce iskanci ne kawai irin na 'yan matan yanzu.

Kaka ita ta haifi Ummana. A gari ba mai kiranta da sunanta, Mai Aljihu ake cewa, har yaran da ba su san dalili ba. Lokacin da ta fara ɗinki, da keken hannu a tsakar gidan mijinta, maza ne ke ɗinka wa mata kaya, kuma iri biyu suka iya: ko buhu, ko matsattsiyar da sai an taimaka miki ki fita daga ciki. A lokacin ne mata suka fara fita aiki, malaman makaranta da masu jinya. Wata rana wata malama ta kawo mata riga ta yage a hammata, ta ce duk sanda ta miƙa hannu za ta yi rubutu a saman allo sai ta ji ɓarrr, yara su yi ta dariya. Kaka ba ta ɗinke yagar ba. Ta yanko ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu ta dasa a hammatar, yadda hannu zai tashi har sama ba tare da rigar ta biyo shi ba. Ita ta raɗa wa ƙyallen suna taga, wai don hammata ma na son shan iska.

Daga nan ta zarce. Ta tsuke bakin hannu don kada ya faɗa a kwano, ta rage tsayi don mace ta hau mota ba ta taka gindin rigarta ba, sannan ta yi abin da ya jawo mata suna da zagi a lokaci guda: ta sa wa rigar mata aljihu. Teloli maza suka ce mace da aljihu me za ta ɓoye in ba rashin gaskiya ba. Dangin Kakana suka taru suka ce ya ja wa matarsa kunne. Ta ce musu makulli da alli da kuɗin mota ne, wanda bai yarda ba ya zo ya laluba aljihun matarsa. Yau ku duba rigar da ke jikinku, in kun ga aljihu a gefe da ɗan ƙyalle a hammata, to daga teburinmu abin ya fito, ko da telarku ba ta taɓa jin labarin ba. Ɗaliban zanen tufafi na zuwa da wayoyi suna ɗaukar ta, suna ce mata ita ta 'yantar da mata. Abin da take ce musu bai wuce su matsa sun tare mata haske ba.

Doka ɗaya gare ta, kuma a kanta na tashi. Ba ta sa tef a jikin mace sai ta tambaye ta, "Me za ki yi a cikinta?" In kin ce koyarwa, sai kin miƙa hannu sama ta gani. In kin ce tuƙi, sai kin zauna a kujera kin riƙe murfin tukunya kina juyawa. In kin ce biki ne kawai, sai ta ce to taka rawar mu gani. Manyan mata masu direba sun sha durƙuso a shagonmu suna ɗaukar tsintsiya daga ƙasa, ita tana tsaye tana kallon inda yadi zai ja.

Yanzu ta tsufa, hannunta na rawa. Ta daɗe da daina yanka. Ita ke zana layi da alli, a hankali, ni ke bi da almakashi. Yaran shago na kan kekuna a ɗakin ciki, amma teburin yanka ni kaɗai ke taɓa shi, kuma kowa ya san ranar da na bar shi, shagon ya zama wurin gyaran zif.

Umma ba ta son jin wannan magana. Ranar da na ɗan taɓo ta muna ninke wanki, sai ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Ke Allura, ki kiyaye ni." Allura suke kirana a gida, saboda rashin jiki. "Ni zan ba ki labarin shagon nan. A ƙarƙashin teburin nan na yi rarrafe. Ranar da na fara zuwa makaranta maƙwabciya ce ta raka ni, Inna tana auna matar wani. Duniya na tafa mata, mu muna cin abinci da sanyi. Haka kike so naki 'ya'yan su tashi?"

"Umma, ni fa ban ce na fasa ba."

"Ki ma ce mana. Ƙannenki biyu suna ɗakinsu, ke kina nan da alli a goshi. Allah ya kawo miki mai rufin asiri, za ki tsaya kina masa awo."

Na ci gaba da ninke wankin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon Umma na gaske ne, ba ƙirƙira ta yi ba.

Shi kuwa Injiniya, sau biyu ina tambayarsa maganar shago. Na farko ya yi murmushi ya ce, "Za mu gani, Gimbiya." Na biyu ya turo a waya: "Kar ki damu kanki da wannan yanzu. Komai zai daidaita in sha Allahu." 'Yan uwana mata, ba sai na fassara muku "za mu gani" ba. Na dai karɓa na ajiye, don ita ce amsar da ta fi sauƙin kwana da ita.

Sai ranar wata Talata da hantsi, ina guga, waya ta yi ƙara.

"Barka da aiki, Gimbiya. Ga wata 'yar tsaraba. Da hannuna na zana miki."

Hotuna uku suka shigo. Aikinsa zanen gidaje ne, hannunsa kuwa ya faɗa, ko ni ban iya fitar da layi haka ba. Doguwar riga ce, ta kama jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga nan ta buɗe tana jan ƙasa. Hannun ya matse dantse, ya sauko ya baje har ya rufe yatsu, an jera duwatsu a bakinsa. Har inuwa ya yi mata. Sauran biyun ma 'yan uwanta ne, launi kawai ya bambanta.

"Ta biki ce?" na rubuta.

"Ta farkon ta biki. Sauran na zaman gida, irinsu nake so in riƙa dawowa ina samunki a ciki. Ki ba Kaka ta ɗinka, albarkarta nake so."

Na ƙara girman hoton na duba hammata, na duba gefe. Babu taga, babu aljihu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: macen da ke cikin wannan rigar ba za ta iya ɗauko kofi daga kan kanta ba, balle ta miƙa hannu ƙarshen tebur. Na tura masa hoton zuciya guda biyu na ci gaba da guga.

Da na nuna wa Kaka, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo.

"Yaron nan ya iya zane," ta ce. "Ki ce ya zo."

Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Na ce yau za a yi ta, tsohuwa za ta faɗa masa abin da na kasa. Matar da ta tsaya gaban dangin miji saboda aljihu ai ba za ta ji nauyin wani Injiniya ba.

Ya zo da yamma, cikin farin yadi mai guga, da ledar lemo da ayaba. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa ya tsuguna.

"Barka da yamma, Kaka. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi, angona. Tashi ka zauna, kada ka kwashe mana zare da wando." Ta ɗaga wayata. "Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Kaka. A gyara mini in da kuskure."

"Babu kuskure. Tambaya ɗaya ce, kowa na yi masa ita. Me za ta yi a cikinta?"

Ya yi dariya, irin ta wanda aka yi wa tambaya mai sauƙi. "Ai ba abin da za ta yi, Kaka. Hutawa za ta yi. Ta wahala haka nan, tun tana yarinya take tsaye a kan teburin nan. Ni dai burina in ga ta zauna, a yi mata komai."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana kallona yana jiran in ji daɗi. Kaka ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Ni kuma na sunkuyar da kai ina tsince fil daga cikin gwangwani, kamar an aike ni.

"To madalla," in ji Kaka. "Za a ɗinka yadda ka zana. Ko zare ɗaya ba za a ƙara ba."

Bayan motarsa ta tashi na kasa haƙuri.

"Kaka, babu taga fa."

"Na gani. Hannuna ke rawa, ba idona ba."

"Kuma ba za ki ce masa komai ba?"

"In ce me? Mai riga ya faɗi aikinta. Ke da za ki sa kina tsaye kina ƙirga fil. Ni ce zan zauna a gidan?" Ta miƙo mini alli. "Shimfiɗa leshin da ya aiko. Ni zan zana, ke za ki yanka."

Haka aka yi. Da hannuna na yanka rigar, na bi layin hammata a matse yadda ya zana, ban bar ko rarar ɗan yatsa ba. Na ji haushin Kaka ranar, haushi sosai. Na saba tana yi wa matan gari faɗa a kan rigunansu, ni jikarta ta bar ni da nawa.

Ranar gwaji Asabar ce da safe. Umma ta zo cikin mayafinta na fita unguwa, tare da yayar Injiniya, wadda nake kira Anti. Mace ce mai ƙiba da fara'a, zobe a kowane yatsa, ba ta ajiye waya ko tana cin abinci. Na shiga bayan labule, sai da yarinyar shago ta taimaka mini kafin zif ya hau.

Na fito na tsaya gaban madubi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa labarina daɗi ba: ban taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ruwan zuma ne leshin, duwatsun hannu na walƙiya, ni da ake kira Allura sai ga ni da ƙugu. Umma ta toshe baki, idonta ya ciko. Ni ma na so yarinyar da ke cikin madubin, na ce a raina to mene ne a ciki in an zauna an huta.

"Ma sha Allah! Yanzu kika zama matar manya," in ji Anti, tana zagaya ni da waya. "Ɗan juyo. Kar ki motsa hannun, haka ya fi. Ai dama ya gaya mini, da an ɗaura shi ke nan, shagon nan sai dai ki zo gaida Kaka ki koma. Matarsa ba za ta riƙa durƙusa wa mata tana auna musu ƙugu ba."

"Ai haka ya dace," in ji Umma, ba ta kalle ni ba.

To, ga "za mu gani" an gani. Ban ji komai ya faɗo mini ba, don na riga na sani tun ranar hotunan. Na dai tsaya yadda aka ce, hannuwa a gefe.

Ana cikin haka Sista ta yi sallama. Ungozoma ce a asibitin mata, ta daɗe tana kawo mana ɗinki, uwarta ma a nan ake yi mata ɗinki har ta rasu. Tun farkon mako ta kawo wata atamfa da ta samu a akwatin uwar, irin wadda an daina yin ta, kuma guntuwa ce, da ƙyar Kaka ta fitar da riga a jiki da alli. Jibi za a karrama ta a wurin aiki, a ciki take son ta karɓi takardar. Ta biyo ne daga aikin kwana ta ga ko an fara.

"Yanzu za a yanka," in ji Kaka. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta nufi teburin, ta ɗauki babban almakashi.

"Kaka, bari in cire rigar in zo," na ce.

"A'a, yi zamanki a ɗauke ki hoto. Tunda mai yankan za ta tafi hutu, gara in fara sabawa tun yau."

"Inna, ki ajiye mana," in ji Umma. "Kin san hannunki."

"Da hannun na ciyar da ke."

Ta soma daga gindin rigar, inda layi yake a miƙe. Almakashin na kaɗawa a hannunta, bakinsa na cin yadin kaɗan-kaɗan, amma tana kan alli. Sista ta rungume jakarta. Anti ta ci gaba da cewa in ɗaga haɓa. Ni kuwa ta madubi nake kallon teburin, ina bin bakin almakashin da ido, har ya iso inda layin ke lanƙwasa ya shiga hammata. Nan ne wurin da ko mai lafiyayyen hannu sai ya riƙe numfashi. Na ga bakin ya sauka daga kan alli ya nufi ciki, wajen ƙirji. In ya rufe a nan rigar ta mutu, kuma babu sauran yadin da za a fitar da wata.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tattare jelar rigar na yi taku biyu, na miƙa hannu ta saman teburin na cafke wuyan hannunta.

Ɓarrr.

Daga hammatar dama har ƙugu leshin ya buɗe. Duwatsu suka zube suna gangarawa ƙarƙashin kekuna. Anti ta yi salati, Umma ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa abin da na fara ji, Allah ya sani, iska ce ta shige ni, kafaɗata ta saki.

Kaka ta sakar mini almakashin ba musu, ta koma kujerarta ta zauna. Har yau ban san ko da gangan ta yi ba. Rawar hannun ta gaske ce, amma ita ma ta san da ita kafin ta tashi.

Na naɗe hannun rigar da ya rage har gwiwar hannu, na gyara atamfar, na dawo da bakin almakashin kan layi.

"Allura, kina hauka ne?" in ji Umma. "Je ki cire, a gani ko za ta gyaru!"

"Ba a tsayawa a tsakiyar lanƙwasa, Umma. Yadin zai zame."

"Ikon Allah," in ji Anti. "Wallahi sai ya gani da idonsa." Na ji ƙarar ɗaukar hoto, na ji ƙarar turawa.

Ban kai ƙarshen hammatar farko ba wayata ta fara ruri a hannun Umma. Ta duba, ta matso kusa da ni, ta rage murya yadda Anti ba za ta ji ba.

"Shi ne. Ki ɗauka, don girman Allah. Ki ce tsautsayi ne, ki ce kin ga tsohuwa za ta yanke ne. Zai haƙura, yana da sauƙin kai. Kar ki kunyata ni, 'yar nan."

Hawaye ne a fuskarta. Na tausaya mata har cikin raina, don ita ba rigar take yi wa kuka ba, kuma na san abin da zan faɗa zai daɗe yana yi mata ciwo.

"Umma, ba tsautsayi ba ne. Ki ɗauka ki ce masa ina aiki. In yana son magana ya zo nan ya same ni. Gobe ma nan zai same ni, bayan biki ma nan, in har akwai bikin."

Yaran ciki ma sun tsayar da kekunansu. Wayar ta yi ta ruri a tafin Umma har ta gaji ta katse.

Ashe yana waje cikin mota tun ɗazu, shi ya kawo su, yana jira a ce ya shigo ya ga amaryarsa. Na ji an rufe ƙofar mota, na ji takunsa, na ji ya tsaya cire takalmi kamar kullum. Inuwarsa ta faɗo a kan atamfar Sista.

"Salamu alaikum," ya ce, a hankali.

"Wa alaikumus salam," na amsa. "Ɗan matsa daga hasken, saura hannu ɗaya ban fitar ba."